Kujerar Gaban Labule

Ranar Laraba ce, kwana uku bayan sallar layya, shekarar da na cika tara, Kawu Illa ya shigo gida da kujerar jirgin sama a kan amalanke. Shi ke share cikin jirage a filin jirgin Agadez, lokacin da anasara ke zuwa kallon hamada. Kujerar ta yage, aka yar, ya ɗauko. Faɗinta ya ishe mu mu biyu, fatarta ja mai laushi, da ɗan ramin zuba tokar taba a hannunta, da ɗamara mai kan ƙarfe. Naman layya na shanye a igiya, ƙudaje na bin sa, mu ko muka bar korar su muka kewaye Kawu. Ya ce irin wannan a gaba take, jeri biyu-biyu, an ja labule. Mutanen baya kuwa uku-uku ne, gwiwa na dukan bayan wani. "Jirgi ɗaya, amma ba zama ɗaya ba," in ji shi.

Kafin la'asar mun gina namu jirgin a tsakar gida. Muka ɗaura tsohon zanen Inna ya zama labule, muka jera gwangwanaye da jarkokin ruwa a baya, ƙannenmu suka matsu a kai. Ta gaba ita ake kai wa dabinon Bilma da cuku a faifai, na baya sai ƙwallon. Rigimar ita ce wa za ta zauna, ni ko Rakiya, ɗiyar Kawu. Ta girme ni da kwana shida, ni kuma uwata ce yayar ubanta. Ga shi mu taubasai ne, ɗiyar mace da ɗiyar namiji, waɗanda al'ada ta ba izinin zagin juna ba mai fushi. Da safe in ta ce "baiwata, kin tashi?" in ce "na tashi, mai ƙafar raƙumi." Ba ni da wadda nake so kamarta, tabarma ɗaya muke kwana.

Ran nan na dawo daga pampo da tulu na tarar ta miƙe ƙafa a kujerar tana cin dabino, alhali rabona ne. Na ajiye tulun na finciko ta da kitso. Ta cije ni a hannu har haƙoranta suka shige, na kai mata gwiwa a ciki, muka faɗa kan labulen ya tsinke, gwangwanaye suka watse, yara na ihu. Ta danne ni tana cusa mini ƙasa a baki. Mata uku na daka gero kusa da mu, ba wadda ta ajiye taɓarya. Na ji Inna na dariya tana cewa, "Ku bar su, taubasai ne, wasa suke." Hannuna ya lalubo ɗamarar nan, da ma ta tsinke daga gindi. Na yi majaujawa da ita na sake. Kan ƙarfen ya same ta a idon hagu. Ba ta yi kuka nan take ba, sai ta zauna, jini na bi ta tsakanin yatsunta. A gidan likita aka ce idon ya tafi.

Kawu bai taɓa ni ba, da ma ya taɓa. Gatari ya ɗauko ya sassare kujerar a gabanmu, soso na tashi, ƙarfe na ƙara, har ƙotar ta karye. Da Rakiya ta warke, na tare ta a zaure na ce mata mai ƙafar raƙumi, ina jiran ta rama. Ta ce, "Ina kwana, Hadiza," ta wuce.

Har yau ban taɓa shiga jirgi ba, ko garin Ingal ban cika zuwa ba. Jikata kan nuna mini jiragen yanzu a salula: kujera ta zama gado, kowa da ɗakinsa da ƙofarsa, har da wurin wanka, ba mai taɓa kafaɗar wani. Nakan ce mata waɗannan ba su da abin yi wa faɗa. Rakiya na nan, lungu biyu tsakaninmu. Ba ta fashin biki ko rasuwa a gidana, takan gaishe ni da ladabi, ta tambayi gajiya da yara. Shekara arba'in ke nan ina jiran ta zage ni.