Baƙin Tabo a Ƙafar Yayana

Ba yabon kai ba, tun daga garin Isa har bakin iyaka ba a yi bakin da ya kai nawa ba. Dillalin dabbobi ne ni a kasuwar Sabon Birni. Na taɓa saida wa Bafillace saniyar da shi ya kawo ta da safe, ya kora abarsa ruga yana yi mani godiya. Na taɓa lallashin jakin da ya ƙi tsallake gulbi har ya durƙusa in hau. Saboda haka ranar da matar yayana ta aiko in zo in sa mijinta ya je asibiti, cewa na yi da ita ta ɗaure masa kaya, kafin shayi ya huce mun kama hanya.

Damina guda na yi ina zuba. Ko zaure ban fitar da shi ba.

Yayana manomi ne a Unguwar Lalle, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Maganar da nake yi kafin karin kumallo ta ishe shi shekara. Wani baƙin tabo ne ya fito masa a tafin ƙafa, wajen diddige, bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce ƙaya ce. Wa zai yi masa musu, mutumin da ke huɗa ba takalmi? Wanzami ya sa aska ya tona, ya tona, bai ga ƙaya ba. Daga nan abin ya yi faɗi, ya yi tsiro, ya fashe, ya riƙa tsiyayar jini da ruwa.

Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, ta zo ta duba ƙafar.

"Daji na," ta ce. "Kuma kun ga abin da aska guda ta yi mai. Ya husata. Wanda duk yas sake kai ƙarhe ga ƙahwag ga, ban yahe ba."

A wajenmu haka kowa ya tashi ya tarar: ciwon daji ba ya son ƙarfe. Ba allura, ba aska, balle asibiti inda komai ƙarfe ne har gadon kwana. Sai aka shiga jiƙo da sassaƙe da shafe-shafe. Matarsa ce kaɗai ba ta yarda ba, don ita ke wanke tsumman.

Ni kuwa duk Juma'a ina kan babur. In same shi a gona ya naɗe ƙafar da tsumma, ya sa leda, yana dogara kalmen nomansa.

"Yaya, likitocin Sakkwato hwa yanzu ba su taɓa mutum. Kallo ɗai suka yi, ciwo shi tattara kayanai shi gudu."

"To su kallo ni daga can."

"Wallahi na ga wanda anka kai cikin buhu, ya dawo shina kokawa."

"Bari in gama maimai."

Ya gama maimai, ya ce bari gero ya fid da kai. Gero ya fid da kai, ya ce wa zai yanke masa. Na ce ni. Ya dube ni, ya dubi tumbina, ya yi dariyar da ban sake jin irinta daga bakinsa ba.

Abin da ya tashe shi daga ƙarshe ba ni ba ne. Wata la'asar ya ɗago daga sujada ya ga jininsa a tabarmar masallaci, ya kuma lura wanda ke gefensa a sahu ya bar tazara saboda wari. Yaya ya jira aka watse. Ya naɗe tabarmar ya kai gida aka wanke. Washegari da kansa ya je ya durƙusa gaban Gwaggo ya ce, "Za ni tahiya. Ki yahe man." Ta juya masa baya tana kuka.

Hanyarmu ba ta biyuwa yadda aka ga dama a shekarun nan saboda 'yan bindiga, sai da muka jira ranar da motoci ke fita a jere. A babban asibitin Sakkwato na ga abin da ya kashe mani baki na ɗan lokaci. Ni da a zatona ciwon dajin fata na Turawa ne, masu kwanciya a rana da gangan. Sai ga wani makiyayi daga wajen Kurawa, tsohon tabon ƙuna a ƙwabrinsa ya zama gyambo. Ga wata zabiya an naɗe mata wuya da kunne. Duk namu ne, duk sun sha jiƙo kafin su zo.

Aka ɗebi nama aka auna, aka yi hoto. Likitan ya zaunar da mu, ya taɓa kaluluwar da ta kumbura a matsematsin Yaya, ya yi bayani da Hausa tsantsa, a hankali. Ya ce suna yawan ganin irinsa a tafin ƙafar manoma, kuma da yana ƙwayar wake aka zo, da yanka kaɗan ya wadatar. Yanzu ya wuce ƙafa, ya kai huhu. Ko an yanke ƙafar ba za a cim masa ba. Ya ba mu maganin rage zafi, ya koya mani wanke ciwon.

Muka dawo an gama ɗaure damman gero. Yaya ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu. Gwaggo na zuwa kullum da kunu, ba ta taɓa cewa ai ta faɗa ba, shi ma bai taɓa cewa da ta bari ba.

Wata hantsi maƙwabta suka zo dubiya suka cika wurin, suka yi jugum. Ni ba na iya jugum. Na gyara zama na ce ai likitoci sun yi mamakin ƙarfin Yaya, har manyansu aka kira su zo su gani, sun ce kafin ruwan shuka zai taka har garin Burkusuma ya dawo bai sha ruwa ba. Aka yi ta cewa in sha Allahu. Na ƙara da cewa babban cikinsu har rantsuwa ya yi.

Yaya ya bari sai da suka fita. Ya miƙo mani mafici, ya nuna ƙudajen da suka taru a tsumman.

"Ƙanena, ina zaune likita yay yi magana. Ƙahwata ta ruɓe, ba kunnena ba. Zamna ka kore man ƙuda, ka yi shiru."