Inna Kulsum Mai Ɗaga Buhun Gyaɗa

Da hantsi Inna Kulsum takan fito da jaka cike da ƙananan ledoji, da cokali ɗaya. Gida-gida take bi a unguwar New Bell ta Douala, ta gaisa, ta nemi a nuna mata inda ake ajiye gyaɗa da masara, ta ɗebi cokali uku ta ƙulle. Ba likita ba ce. Ita ce ƙafar wasu likitoci masu binciken abin da ya sa ciwon dajin hanta ke ɗauke mana maza da ƙuruciyarsu: gado ne, abinci ne, ko zaman garin? A watan nan ta ajiye aiki, bayan shekara goma sha tara.

Da farko dariya mata suke yi mata. Mu da kakanninmu suka zo daga Arewa, ajiyar Arewa muka gada: a jingine buhu a ƙasa jikin bango, ya shekara. Can rani ke tsare shi, Douala kuwa ruwa ba ya hutu. In gyaɗa ta yi funfuna sai a tsince mai kyau a kai kasuwa, sauran kuma, da yake mu ba ma zubar da abinci, a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Husaini, mai soya, wato tsire, a bakin kasuwar Marché Congo, ya binne mahaifinsa da wansa da ciwo ɗaya, na hanta, ya kuma sallama cewa shi ne na uku. Ranar da ta je gidansa ya ce, "Inna, c'est fini, magana ta ƙare, a jininmu yake. Me cokalinki zai yi?"

Ta ce, "Jini ban iya canza maka ba, ɗana. Ɗaga min buhun nan."

Gindin buhun ya yi kore. Lokacin ana tsakiyar ville morte, an rufe gari, ba taksi, an ce ma'aikata su zauna a gida. Ta ƙulle ledar a bakin zane ta taka da ƙafa har labo, ɗakin gwaji. Bayan mako biyu ta dawo da sakamako: gubar funfuna ta yi yawa a ƙuli-ƙulin da gidan ke ci tun Husaini yana yaro. Ba ta ce gubar ce ta kashe mahaifinsa da wansa ba, ta ce likitoci ba su gama ganewa ba. Ta dai tsaya a kansa har ya zubar da gyaɗar da ƙuli-ƙulin, ta kuma tasa shi gaba zuwa gwajin hanta.

Ke ce kika sa muke ɗora buhu a kan katako, Inna. Na duba takardun binciken, ban ga sunanki ko ɗaya ba, abin kuma ya yi mini ciwo. Mun gode, Allah Ya saka. Mai son koyi da ke ya je ya ɗaga buhunsa yau.

Husaini yana nan bakin tukubarsa. Mahaifinsa yana da shekara arba'in da biyar ya rasu. Bana Husaini ya cika arba'in da shida.