Layar da Na Farke, Ban Sami Kome a Ciki Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan fili ina jin laifin mutane, yau ga nawa. Da ajami na fara rubuta shi, don hannuna ya fi sabawa da shi, sannan na juya shi boko.

A shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, ni tela ne a bakin Babbar Kasuwa, ina zaune gidanmu na gado a Ƙofar Kwaya. Na yi karatun allo, na taɓa littattafai, kuma ina ji da kaina fiye da yadda ilimina ya kai. Lokacin gari ya cika da surutu. Bakin da aka daɗe da rufewa ya buɗe, kowace majalisa ta zama ta 'yan siyasa, ni kuwa ina cikin masu ɗaga murya. Mahaifina tsohon baduku ne, ya ƙare rayuwarsa yana ɗinka wa layu fata. A wannan shekara shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta tafi da maganarsa. Kullum bayan la'asar mukan fito da shi zaure, mu jingina shi da bango, mu sa masa carbi a hannun da ke motsi.

Akwai wani dattijo kafinta da ke haya a shagon jikin gidanmu. Bahaushe ne daga kudancin jiha, Kirista ɗan Katolika, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse neman abinci. Baba Kafinta muke ce masa. Ya taɓa gaya mini cewa yana cikin wata ƙungiya ta masu ibada a cocinsu, waɗanda ba limamai ba ne, suna aure suna sana'a, sai dai sun ɗauki alkawarin keɓe lokaci kullum su zauna shiru gaban Ubangiji, ba roƙo da baki, ba waƙa. Ya ce waliyyan da suke koyi da su su ne Nana Maryamu, wadda takan ajiye abu a zuciya ba ta faɗa ba, da Annabi Ilyasu, wanda a wajensu ya bar hayaniya ya hau dutse, da Yusufu kafinta, wanda littafinsu bai kawo kalma ɗaya daga bakinsa ba. Na yi masa ba'a, na ce ashe ƙungiyar kurame ce. Ya yi dariya ya ce da Malam Tela zai shiga, da an kore shi ran farko.

To, sai ya ɗauki al'adar kawo wannan shirun nasa zaurenmu. Ya ajiye zarto, ya wanke hannu, ya ce wa mahaifina, Baba Baduku an wuni lafiya, ya zauna gefen tabarma. Shi ke nan. Tsohona na jan carbi, shi kuma ya sunkuyar da kai, har a kira magariba. Mu 'ya'yansa ba mu iya haka. In mun zauna sai mu yi ta tambayarsa ina ke ciwo, shi kuwa ba bakin amsawa, har hawaye su zubo masa. Amma in kafinta ne a gefensa, sai ka ga fuskarsa ta sake.

Maimakon in gode, sai abin ya tsaya mini a rai. Na lura akwai wani abu a wuyan kafinta ƙarƙashin riga: ƙyalle biyu masu ruwan ƙasa, kowane bai fi akwatin ashana ba, zare ya haɗa su, ɗaya a ƙirji ɗaya a baya. Ni ɗan baduku ne, na ce ai ba a nuna mini laya. Na kai maganar majalisa. Wani ya ce da ma ya faɗa, zaman nan ba banza ba. Wani ya ce so yake tsoho ya cika ba da kalmar shahada ba. Kafin mako ya zagayo, zancen ya gama unguwa, kuma daga bakina ya fita.

Ranar da abin ya faru, tsoho ya ɓata jikinsa ina kasuwa. Kafinta ne ya tuɓe riga, ya rataye ƙyallen a ƙusa don kada ya jiƙe, ya ɗauki tsoho ya wanke shi. Na dawo na tarar da abin a rataye. Ban tambayi me ya faru ba. Na ɗauke shi na fita ƙofar gida, na kira mutane, na zaro reza. Kafinta ya fito hannunsa da kumfar sabulu, ya roƙe ni in bari. Ya ce ba laya ba ce, tufa ce ta alkawari, suna ɗaukarta kamar rigar Nana Maryamu, tana tuna musu na wane ne su, kuma marigayiya matarsa ce ta ɗinka masa wannan. Na ce za mu gani. Na bi ɗinkin na farke, yadda na ga mahaifina na yi wa tsofaffin layu, ina jiran takarda ko gashi ko ƙulli ya faɗo. Na farke na biyun. Ulu ne kawai, ba kome.

Nan ya kamata in durƙusa. Amma idon mutane na kaina, sai na ce ai wadda ba kome a ciki ta fi haɗari. Wasu suka yi dariya, wani dattijo ya ce mini in ji tsoron Allah. Kafinta ya sunkuya. Ya tsince ƙyallayensa daga ƙasa, ya koma ciki ya ƙarasa sa wa mahaifina riga. Ƙarshen wata ya kwashe kayansa ya koma Batagarawa.

Daga nan tsohona ya fara juya fuska in na shigo. Bayan la'asar sai ya kafa wa gefen tabarma ido. Na gwada zama wurin in yi shiru, na kasa. Zuciyata ta cika da surutu kamar kasuwa. Bai kai damina ba ya rasu. Ranar sadakar uku na hango kafinta can ƙarshen tabarmi. Da ya sunkuya gaisuwa, na ga ƙyallen a wuyansa, an harhaɗa shi da ɗinkin kafinta, manya-manyan ɗinki da baƙin zare. Ni tela ne, aikin da ba zai ɗauke ni kome ba. Na yi niyyar in ce ya kawo in gyara, kunya ta riƙe mini harshe. Na ce gobe zan bi shi Batagarawa. Goben ba ta zo ba sai da na ji ya rasu.

Ina nan kan addinina, ina kuma roƙon in cika a kansa. Addinin nan ne ya koya mini haƙƙin maƙwabci bai tsaya ga Musulmi ba, kuma zato zunubi ne. Na san wannan a allo, ban san shi a aiki ba. 'Yan'uwa, in kun ga abin da ba ku gane ba a wuyan mutum ko a ibadarsa, ku tambaye shi, in ya amsa ku saurara. In kuma kun yi kuskure, ku nemi gafara tun mai yafewa na da rai. Ni har yau in an kawo mini ɗinki mai ruwan ƙasa, sai na ajiye almakashi na ɗan jima kafin in sake ɗauka.