Inna Safi Mai Tsaron Wurin Masu Takaba

Kowace ranar kasuwa a Malanbil, Inna Safi kan iso layin 'yan hatsi da tiya biyu a kai. Ɗaya tata ce. Ɗayar ta wata mace ce da ke cikin ɗaki tana takaba.

A layin nan ba a tambayar takarda. Wurin da aka ga tiyarki a kan buhu naki ne, in ya kwana kasuwa biyu babu kowa, wani ya shimfiɗa. Takaba kuwa ta fi wata huɗu. Safi ta san wannan a jikinta. Da ta fita takabar mijinta, mai sayar da bokiti ta tarar a inda take auna gero. Tun daga lokacin, duk 'yar layin da mijinta ya rasu, Safi kan je gaisuwa ta fito da tiyarta.

Bara ta ɗauko ta Rauda, 'yar Madekali, wadda mijinta masunci ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Masu ɗinkin buhu sun shaida ranar da Badaru, ƙanen mamacin, ya zo da kayansa.

"Inna, wurin ga na gidanmu ne. Na matar marigayi ne."

"Ban san matar marigayi ba," in ji Safi, tana ci gaba da awo. "Rauda na sani. Tana nan wurin tun kana bin yayanka da kwando. In hatsi kake so, miƙo buhu."

Ya kai ƙara wajen shugaban layi. Shugaban ya zo, ya dubi tiyar a kan buhu, ya tambayi Badaru ko akwai wata magana. Badaru ya kwashe kayansa.

Ke ce, Inna, mai auna wa wata kafin ki auna wa kanki. Ke ce kika hana a goge sunan mace ranar da aka rufe mijinta.

Bana gwiwa ta zaunar da Safi a gida. Mun gode, Inna, Allah ya ƙara lafiya. Matan sauran layuka, aikin bai wuce ɗaukar tiya ba, ku ɗauka.

A layin hatsi dai an riga an ɗauka. Makon jiya Rauda ta iso da tiya biyu a kai. Wani baƙo daga Kamba ya tambaye ta ko wurin gefenta babu kowa.

"Akwai," in ji ta. "Na Safi ne."