Akwatin Malamin Makaranta

Zamanin soja ne, kuɗin mai ya shigo, ni kuwa ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin adana tsofaffin takardu a Sakkwato. Dokarmu a fili take: rubutun malaman addini na ƙasar Sakkwato da takardun mulkin lardi, shi ke nan. Abin da ba wannan ba, a mayar wa mai shi, a gaya masa inda ya dace ya kai.

Wata rana da hantsi wata dattijuwa Kirista ta zo daga unguwar Gawon Nama, da akwatin ƙarfe a ka. Mijinta malamin makaranta ne, mutumin Filato, ya rasu ya bar littattafan rubutu cike da waƙoƙi da tarihin ƙauyensu, a yarensu.

Ta ce, "Ɗana, ɗakina yoyo yake yi. An ce a nan ba abin da ke lalacewa."

Ina buɗe littafin farko na san ba namu ba ne. To amma da wane ido zan dubi sa'ar uwata, ta sha rana, in ce mata a'a? Da kunya aka raine mu. Na ce, "Mama, kwantar da hankalinki." Ban sa akwatin a rajista ba, tunda ba shi da gurbi. Na tura shi ƙuryar sito, a ƙasa, da niyyar rubuta wasiƙa Jos a nema masa wuri. Wasiƙar da har yau ban rubuta ba! Hankalina duk yana kan sabon babur ɗina.

Damina uku ta wuce, sai ga ta da ɗiyarta. Za su koma gida, tana so jikokinta su ji waƙoƙin kakansu. Na jawo akwatin a gabansu, har ina washe baki. Gindinsa ya yi tsatsa ya huje, gara ta shiga ta yi gini. Na sa hannu, ƙasa na ɗebo. Wallahi na so ƙasar ta tsage in shige.

Ɗiyar ta fashe da kuka. Ni kuma, don rashin ta ido, na fara bayanin cewa dama irin waɗannan takardu ba ma karɓarsu.

Dattijuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta tsinci wani guntun shafi mai layi biyu na rubutun mijinta, ta ƙulle a bakin zane.

Ta ce, "Ai da ka faɗa mini haka ran nan, ɗana. Da na sa kwano a wurin yoyon."