Jarumin da Kaka Ige Ta Raina

A gidanmu, a wani ɗan ƙauye bayan 'Yandoto, tatsuniya ba ta jiran dare ya yi nisa. Da an idar da magariba an kwashe tuwo, Kaka Ige, mahaifiyar babanmu, sai ta jawo kujerarta bakin murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu zagaye ta. Tsohuwa ce siririya mai kaifin baki. Ban taɓa jin ta yabi mai ƙarfi a tatsuniya ba. Zaki a bakinta wawa ne, sarkin yaƙi kuwa mai cika baki.

Wata shekara bayan girbi, Kawu Sani, wanda ke jan mota tsakanin Tsafe da Gusau, ya kawo mana littafin zane-zane da wani fasinja ya mance a motarsa. Bangon ya yage, rubutun Turanci ne, babu mai iya karantawa a cikinmu. Amma hotunan sun ishe mu. Wani mutum ne cikin sulke tun daga kai har tafin ƙafa, ba a ganin ko idonsa. Ta dama ga miyagu masu baƙaƙen kwat, ta hagu ga wasu masu rufe fuska, kowa na harbinsa, harsashi na dukan ƙirjinsa yana faɗuwa. Ni da yayana Lawali har dambe muka yi a kan wanda zai kwana da littafin.

Ran nan muka zo bakin murhu da shi, ba mu ko kalli gyaɗar ba. Kaka ta miƙo hannu. Ta kanga littafin kusa da wuta, ta daɗe tana kallo, sannan ta taɓe baki.

"Wanga ta ina yake sosa bayansa?"

Muka yi dariya. Lawali ya ce, "Kaka, jarumi ne fa. Shi kaɗai yake yaƙar ɓarayi ƙungiya biyu."

"Na san shi," ta ce. "Ku matso. Ga labari nan, in kuna da kunne."

"Muna da shi!"

Ta ce wai an yi wani gari tsakanin duwatsu biyu. A dutsen gabas akwai ɓarayin shanu, a dutsen yamma akwai masu tare hanya, kuma ba sa ga maciji da juna. Mutanen gari suna shan wahala a tsakani, amma suna noma, suna aurar da 'ya'yansu. Sai wani ɗan maƙeri ya tattara garemanin garin da gatura ya narke, ya ƙera wa kansa riga da wando da hula na ƙarfe. Aka harba masa kibiya ta karye. Aka sare shi da takobi ya lanƙwashe. Gari ya ɗauki guɗa, makaɗa suka bi shi, kowane gida na aika masa da akushi.

Da ɓarayin gabas suka ji, sai suka aiko masa da babbansu. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba mu da faɗa da kai. 'Yan yamma ne suka hana ku sakat. Zo mu nuna maka hanyar ɗakin barcinsu." Mai rigar ƙarfe ya ji an ce masa ranka ya daɗe, kansa ya kumbura cikin hula. Ya bi su, ya kashe mutum biyu a dutsen yamma, ya dawo ana kiɗa. Kafin ya iso, 'yan gabas sun kore shanun garin.

"To bai gane ba?" na tambaya.

"Maigida," ta ce mini, sunan da take tsokanata da shi ke nan, "kai da ke da kunnen nama ma ba ka jin magana, balle mai kunnen ƙarfe."

Bayan kwana kaɗan 'yan yamma suka sauko ramuwa. Sun san ba za su iya da shi ba, don haka ba su ko neme shi ba. Rumbuna suka cinna wa wuta, suka kashe wanda suka samu. Da gari ya waye suka aiko masa da doki, suka ce an yi kuskure, ai 'yan gabas ne suka haɗa su, ya zo a rama tare. Ya hau dokin ya bi su. Haka aka yi ta yi. In ya bugi gabas, gabas ta huce a kan gari. In ya bugi yamma, yamma ta huce a kan gari. Shi ko ƙwarzane babu.

Kaka ta ce wata mata da aka kashe wa miji ta tare shi a ƙofar gari ta ce, "Don Allah ka zauna gida haka nan. Kai ba a iya kashe ka, mu ana iyawa." Shi kuwa a cikin hular sai ya ji kamar kirari take masa, ya ɗaga mata hannu ya wuce.

Ɓarayin nan tuni sun gane amfaninsa. Ko da sun sami hanyar kashe shi ba za su yi ba, don kowane ɓangare ya sami karen da ba ya ciyarwa. Da damina ta zo, yana tsallaka fadama zuwa wani sabon yaƙin, ƙarfen ya ja shi cikin laka har ƙugu. Ya yi ta ƙwala wa mutanen gari kira, babu wanda ya amsa, don waɗanda ba su mutu ba sun gudu. 'Yan gabas da 'yan yamma suna wucewa ta gefensa, suna ce masa, "Sannu da aiki, jarumi." Ruwa na dukansa, tsatsa na cinsa.

"Nan ya tsaya," ta ce, "ni ma nan na tsaya. Ku tashi ku ba ni wuri in yi alwala."

Lawali ya fusata. Ya buɗe shafin ƙarshe ya nuna mata jarumin a tsaye kan bene, miyagu zube a ƙasa. "Ga shi ya ci nasara! Ba haka labarin yake ba!"

Ta sa yatsa a kan wani ɗan gida da ke cin wuta can ƙuryar hoton, wanda mu ba mu ma lura da shi ba. "Gidan wa ne wanga? Mai zanen ya gaya maku? In ya zana mini mai gidan, sai in saurare shi."

Mun ji haushinta kwanaki. Muka ce tsufa ne, ba ta san abin birgewa ba.

Kaka ta rasu tun daji yana daji, ana zuwa itace a dawo. Ni na yi karatu na kama koyarwa a Gusau, Lawali ya zauna gida yana noma, yana riƙe da mahaifiyarmu. Sai 'yan bindiga suka kafa daba biyu a yankinmu, suna gaba da juna, ƙauyenmu a tsakiya. A lokacin ne wani mutum ya ɓullo, ana ce masa Kwamanda Ƙi-Dalma. Ya samo rigar da harsashi ba ya huda ta, ya ɗinke ta da layu har ba a ganin ƙyallen, yana tafe da samari a kan babura da mai ɗaukarsa hoto a waya. A taron ƙauye ya buga ƙirji ya ce ya shirya da daba ɗaya, za su nuna masa hanya ya gama da ɗayar.

Lawali ya kira ni a waya ranar. Ya ce, "Na miƙe na tambaye shi, in ya tafi wa zai kwana da mu? Sai ya ce matsorata su koma cikin mata. Aka yi mini dariya."

Kwamanda ya shiga daji, ya yi harbe-harbe, ya fito. Hotunansa suka cika wayoyi, mawaƙa suka sa sunansa. Ya kwashi samarinsa ya wuce wajen Bungudu, inda aka ce ana nemansa. Kwana kaɗan bayan haka dabar da ya kai wa hari ta sauko. Waɗanda ya shirya da su ba su motsa ba, sai da aka watse suka zo suka kwashe abin da wuta ta bari. An sami gawar Lawali a ƙofar gida, ashe ya tura mahaifiyarmu da matarsa ta katangar baya, shi bai samu ya bi su ba.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Da ina yaro na ɗauka Kaka ta raina jarumta ne. Ba haka ba ne. Ko ɓarayin ba ta ɓata baki a kansu ba, ɓarawo dai ɓarawo ne, an san shi. Wanda ta tsana shi ne mutumin da ya tabbatar babu abin da zai same shi, sannan ya je ya tsokano faɗa da jikin wasu, ya dawo yana jiran a gode masa. Abu ɗaya ne ta yi kuskure a kai: irinsu ba sa maƙalewa a laka.

Bara, a wani kango da 'yan ƙauyenmu ke zaman gudun hijira a gefen Gusau, aka ce manyan baƙi za su zo rabon shinkafa. Na je don mahaifiyata ta ƙi barin mutanenta ta dawo gidana. Sai ga Kwamanda ya fito daga mota mai baƙin gilashi, cikin farar shadda, yanzu wai mai ba da shawara ne kan zaman lafiya. Ya ɗauki ƙaramin buhu, ya jira mai hoto ya gyara tsayuwa, sannan ya durƙusa gaban mahaifiyata.

"Inna, kin gane ni kuwa? Ni ne na shiga daji dominku."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ba ta miƙa hannu ba.

"Na gane ka, ɗan nan," ta ce. "Ka yi ƙiba."