Gahawar da Ta Huce a Gidan Goggo Inshira

Duk bikin da aka yi a unguwarmu ta garin Salt, in ka ga ganyen inabi naɗe da shinkafa siriri kamar ɗan yatsa, aikin Goggo Inshira ne, yayar babana Mufli. Da naɗin nan ta raini marayu biyar. Ni nake karɓo mata aiki, ni nake kai tukwane a motata.

Bikin gidan wani likita ya matso, tukunya goma sha biyu na jiranta, sai ta shiga kantin Abu Lais sayen lemon tsami. Man zaitun ya tsiyaye a ƙasa ba a goge ba. Ta zame, wuyan hannunta na dama ya karye.

Kafin ɗorin ya bushe na ɗauki hoton man, na samo shaidu uku da lauya. Abu Lais ya riga ni: ya iso gida da dattawa goma sha huɗu neman sulhu. Aka zuba wa babbansu gahawa, ya ajiye bai kurɓa ba, don ba a sha sai mai gida ya amsa buƙata. Na san Baba, ganin furfura ya isa ya yafe komai.

Baba ya fara ke nan, "Ai ƙaddara ce," sai Goggo ta ƙwanƙwasa ƙofa da ludayi.

"Mufli, hannunka ne ya karye? Bar gahawar ta huce!"

"Haba Yaya, ga baƙi."

"Na gan su. Abu Lais, kuɗin asibiti naka ne, wannan ba magana. Amma in bikin nan ya kuɓuce mini, babu mai ƙara kirana. Kai da 'ya'yanka za ku naɗe."

"Hajiya, ni ko rigata ban iya ninkewa ba."

"Ƙasa ma ba ka iya gogewa ba. Za ka koya."

Dattawa suka tuntsure da dariya. Abu Lais ya ɗaga hannu ya yarda, aka shanye gahawa da sanyinta.

Washegari suka zauna su huɗu a tsakar gida, Goggo na tsaye a kansu da ludayi.

"Wannan naɗi ne ko matashin kai? Warware!"

Ranar biki na kai tukunya goma sha biyu cif, naɗin Abu Lais a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Kafin a tashi na karɓo aikin biki biyu. Lauya kuwa haƙuri na ba shi, na haɗa masa da faranti ɗaya.